Kafin Ka Buɗe Tsohon Kibod, Duba Sukudirebarka

Duk mai saro kayan kwamfuta na gwanjo daga Kwatano ya kawo Paraku ko Jugu ya san yadda abin yake: a cikin tarin kibod ɗin da aka haɗa maka a buhu, wani ya ci ƙura, wani maɓallinsa ya maƙale. Da yawansu wanki kawai suke nema. Amma sai an buɗe, kuma wurin buɗewar ne ake yin asara.

A Jamhuriyar Benin jerin haruffan Faransanci na AZERTY ake amfani da shi a ofisoshi da makarantu, saboda haka mai kyau ba ya kwantai. Wani lokaci kuma a ci karo da tsoho mai daraja, irin IBM Model M da aka fara ƙerawa a 1985. Nauyinsa ya kai wajen kilo 2, kuma har yau masu sha'awarsa a Turai da Amurka suna nemansa. Wannan ba ya buɗuwa da sukudireba ta gama-gari. Kusoshinsa masu kusurwa shida ne, milimita 5.5, a cikin rami mai zurfi, sai da makulli mai siririn baki. Ka matsa masa da filaya, robar ta tsage, daraja ta tafi.

To me za a saya? Na farko, sukudireba mai bakin kuros lamba PH1 da PH2, su ne suka fi yawan aiki. A duba jikin ƙarfen ko an rubuta Cr-V ko S2. Rubutu kaɗai dai bai isa ba, domin jabu ma yana da shi. Je kasuwar Arzeke da kusa ɗaya a aljihu, ka gwada: baki mai kyau yana zama daram, ba ya rawa. Mai laushi kuwa, juyi biyu zai cinye kan kusar.

Na biyu, abin cire maɓalli na waya, wanda ba ya karce gefe. Na uku, ɗan falle na roba don raba murfi. Wuƙar kicin ta uwargida ba ta wannan aiki ba ce, Alhaji! Sai burushi mai laushi saboda ƙurar hunturu, da ɗan kwano na zuba kusoshi. Kafin a cire maɓallai, a ɗauki hoto da waya, don AZERTY ba jerinsa ɗaya da wanda aka saba gani a Najeriya ba.

Idan yaronka ne ke koyon gyara, kada ka ruɗu da akwatin nan mai baki hamsin na araha. Saya masa guda huɗu masu kyau, ka koya masa danna sukudireba ƙasa kafin ya juya. Araha ba ta ado, in ji magabata, kuma kibod ɗaya da aka ceto zai iya mayar da kuɗin kayan aikin.