Amsa Ga Mai Sauraro: Ɗiyata Ta Rame A Makarantar Likita

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomi a Kibiya. Ya ce ɗiyarsa tana karatun likita a Jami'ar Bayero ta Kano, ta zo hutu a rame, gwaggwanninta suna ta yi mata tsiya wai ta koma kamar sillen kara. Yanzu sun ce a sayo mata maganin ƙiba a kasuwa, ita kuma ta daina fitowa tsakar gida. Yana tambaya, ya saya ko kada ya saya?

To Malam, kada ka saya. Amma bari mu bi ta daki-daki.

Da farko, ido ba mudu ba ne. Likitoci suna da lissafinsu: a auna nauyin mutum da kilo, a auna tsawonsa da mita, a ninka tsawon da kansa, sannan a raba nauyin da abin da ya fito. Misali, mai tsawon mita 1.6, in aka ninka ya zama 2.56. Idan nauyinta kilo 50 ne, lissafi zai ba da 19 da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga baligi daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne. Ka ga ke nan yarinyar da ake cewa ta rame, mai yiwuwa lafiyarta lau. Ita ma ta san wannan lissafi, sai dai kunya ba za ta bari ta yi musu da gwaggo ba.

Shi kuwa "sha ka fashe" da ake tallarsa, galibi ƙwayoyin asibiti ne aka karkatar. Akwai dexamethasone, wadda ke tara ruwa a jiki, fuska ta cika kamar faranti a ɗauka ƙiba ce. A hankali tana jawo hawan jini da ciwon suga da gyambon ciki, ta raunana ƙashi. Wanda ya daɗe yana sha kuma, in ya yanke rana ɗaya yana iya galabaita, sai likita ya rage masa sannu sannu. Akwai cyproheptadine mai buɗe ciki, ita kuma barci take sa wa. Ɗalibar da ke zagayen marasa lafiya a Asibitin Malam Aminu Kano, ina ita ina gyangyaɗi?

Ramar da za ka ji tsoro daban take. In tana tari fiye da mako biyu da gumin dare, ko yawan ƙishirwa da fitsari, ko zazzaɓi mai dawowa, kai ta Babban Asibitin Rano a duba. In ma tibi ne, yana warkewa da maganin wata shida.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini shi ne ɓuyar da take yi a ɗaki. Karatun likita shekara shida ne, ga jarrabawa, ga kwanan asibiti, sau da yawa abinci sai an tuna. Ta dawo gida ta huta, sai aka tare ta da gori. Wani marubuci a Amurka, Daniel Goleman, ya fito da littafi a 1995 a kan cewa gane abin da ke zuciyarka da ta ɗan'uwanka shi ma basira ce, kamar ta lissafi. Likita na buƙatarta ƙwarai, domin gobe ita za ta gaya wa mai ƙiba ya rage tuwo ba tare da ta ci masa fuska ba. A gida ake fara koyonta.

Saboda haka Malam, kira ta ku biyu, ko ka sa mahaifiyarta. Ku tambaye ta yadda take ci da barci a makaranta, kuma ku bari ta gama magana. In ta ce abinci ya fita ranta, ko tana ƙin ci da gangan don kada ta yi ƙiba, wannan ma ciwo ne, a ga likita. Gwaggwanni kuwa, kai ne ɗan'uwansu, ka roƙe su su sassauta. In za ta koma Kano, haɗa mata wake da gyaɗa da garin kunu.