Tabon da ke silin ɗinka ba fenti yake nema ba

Ɗaga kai ka kalli saman ɗakinka. Idan akwai wani tabo mai ruwan ƙasa a kusurwa ko a gefen fanka, wanda kullum kake kauce masa in za ka ɗauki bidiyon TikTok, to da kai nake.

A Gaya da Ajingi yanzu, saurayi in ya tashi gyara ɗakin aure, kuɗin a silin yake ƙarewa: POP mai hawa-hawa, fitilu masu launi, fenti mai ƙyalli. Kwanon da ke sama kuwa tun na zamanin Baba ne, ba wanda ya hau ya duba. Sai marka ta kankama a watan Agusta, lokacin da ruwa ya fi sauka a Kano, a fara jera bokiti da roba a tsakiyar ɗakin amarya.

Ka fara gane wannan: inda tabo ya fito ba lallai nan ne yoyon yake ba. Ruwa kan shigo ta ramin ƙusar da ta yi tsatsa ko ta saki, ko ta inda kwano biyu suka haɗu, ko ta gindin ginin da aka ɗaga ya ɓoye rufi. Daga nan ya bi jikin katako ya yi tafiyarsa, ya ɗiga can wani wuri. Shi ya sa wanda ya liƙa kwalta daidai saman tabon yake mamaki in ruwa ya dawo.

In abin ya same ka cikin dare, kafin katifa da talabijin, wuta za ka fara tunawa. Wayoyin ɗakin ta cikin silin suke bi. Je ka kashe daga babban makunni, ko da babu wuta a lokacin, don KEDCO ba ta sallama in za ta kawo. Sannan ka janye kaya. Idan silin ya yi ciki ya kumbura, kada ka tsaya jiran safiya. Kowace lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ga POP in ya jiƙe laushi yake yi. Ajiye bokiti, ka huda tsakiyar kumburin da ƙusa, ruwan ya sauka a hankali. Ƙaramin rami ya fi faifan silin a kan yaro yana barci. Kuma don Allah kada ka hau jiƙaƙƙen kwano da daddare, wai kai jarumi.

Masu rufin ƙasa da azara, lamarinku ya fi tsanani. Ƙasa in ta sha ruwa nauyi take ƙarawa, ga gara ta riga ta ci itacen ta ciki. A damunar 2022, hukumar ba da agajin gaggawa ta jihar Kano, SEMA, ta tabbatar da rasuwar mutum uku da lalacewar gidaje kusan 500 a Ajingi bayan mamakon ruwa. In ka ga azara ta lanƙwasa, ko ƙasa na zubowa, ko bango ya tsage daga sama, fitar da kowa, a kwana a ɗakin maƙwabta. Ba abin kunya ba ne. Magabata ba su wasa da yaɓen rufi da makuba kafin damina, ba su barin indararo ya toshe. Mu kuwa sai leda da ciyawa sun cika shi, ruwa ya kwanta a sama, sannan mu tuna da shi.

Gari ya waye, kira kafinta ya shiga saman silin da tocila, ya bi sawun lema a jikin katako har tushe. A canja ƙusoshi, a sauya kwanon da ya ɓule. Sai an yi ruwa sau ɗaya ko biyu ba ɗigo, sannan a taɓa silin. Buɗe taga, a bar shi ya bushe sosai. Fenti a kan lema ɓarnar kuɗi ne: tabon zai sake fitowa, fumfuna ta yi baƙi a ƙarƙashi, ga warin nan da ke tayar wa masu asma da ciwonsu. In tsohon silin na asbestos ne, kada ka yanka shi ko ka farfasa a bushe, ƙurarsa na illata huhu. Mai gyaran wuta ma ya duba wayoyin kafin ka mayar da makunni.

Idan gidan haya kake, wayar nan taka ta yi aiki. Ɗauki hoto da bidiyo tun ranar farko, ka tura wa mai gida a WhatsApp, ku yi magana a kan wa zai biya kafin a buga ƙusa ko ɗaya. In kai za ka fitar da kuɗin a cire maka a haya, ya rubuto maka hakan a saƙo, ka ajiye.