Takardar Izinin Bin Miji Zuwa Amurka: Me Ke Kawo Jinkiri?

Jama'a sukan tambaye mu wannan magana. Mutum yana zaune a Amurka, ya zo gida ya yi aure, ya koma ya nemi izini matarsa ta bi shi. Shekara ta wuce, ba labari. Sai a ce, ai don Musulma ce. Wani ya ce a'a, don ƙasarta ce. To, bari mu bi maganar daki-daki.

Izinin nan shi ake kira biza. Kafin a same shi sai an bi ƙofa uku. Da fari mijin zai cika wata takarda mai lamba I-130, ya kai ofishin shige da fice na Amurka, ya nuna aurensa na gaskiya ne. In sun yarda, sai su miƙa takardun ga wani ofishi mai tattara su, inda mijin zai yi alkawari a rubuce cewa ci da shan matar yana wuyansa. Daga nan sai a kira matar ofishin jakadanci, likita ya duba ta, kana a yi mata tambayoyi baki da baki. Mutanen Nijeriya a Legas ake ganawa da su.

Abu na farko da ke sa wani ya riga wani shi ne matsayin mijin. In ya zama ɗan ƙasar Amurka, ba a ƙayyade yawan matan da za a ba izini a shekara ba. In kuwa katin zama kaɗai gare shi, akwai adadi, sai matar ta shiga layi. Na biyu, ofisoshin jakadanci ba ɗaya ba ne. Wani mutane sun yi masa yawa, ma'aikata kaɗan.

Yanzu sai batun addini. A takardun nan babu gurbin da aka ce rubuta addininka. Amma akwai wuri biyu da dokarsu ta ci karo da al'adarmu, kuma nan ne muke so ku buɗe kunne. Amurka ba ta yarda da auren mace fiye da ɗaya ba. Mai mata biyu, a wurinsu uwargida ce kaɗai matarsa, amarya ba ta da rabo. Na biyun ya fi ɓoyuwa. Mu a nan, waliyyi da wakili ke ɗaura aure, amarya tana cikin gida, ango ma wani lokaci yana wata ƙasa. Dokarsu ta ce auren da aka ɗaura ba ango da amarya a wuri ɗaya, ba a lissafa shi sai sun sadu bayan ɗaurin. Saboda haka wanda aka ɗaura masa aure yana can, tilas ya zo a tare, ya kuma ajiye shaida, kamar hatimin fasfo da hotuna.

Akwai kuma wani jinkiri bayan ganawa. Ma'aikaci yakan miƙa wa mace takarda mai lamba 221(g), watau ana sauran bincike. Ba a yanke masa rana ba. Sunan da ya yi kama da na wani da ake nema yana iya jawo shi, sunayenmu kuwa irin su Muhammadu da Aliyu da Usman sun cika duniya. Abin da ke hannunmu shi ne rubutun suna ya zama iri ɗaya a fasfo da takardar haihuwa da ta aure. Kada nan Muhammadu, can Mamman.

Ƙasa fa? Nan kam ba a ɓoye ba. Dokar 1965 ta hana a bambanta masu neman bizar zama saboda ƙasarsu, amma Shugaban Ƙasa yana da ikon rufe ƙofa ga wasu. A Janairun 2017 Shugaba Trump ya hana mutanen ƙasashe 7 shiga, har da Sudan da Somaliya da Iran. Dukansu Musulmi suka fi yawa, shi ya sa aka kai ƙara cewa addini aka nufa. A 2018 Kotun Ƙoli ta goyi bayansa da alƙalai 5, 4 suka ƙi. A 2020 aka hana 'yan Nijeriya bizar zama, Musulmi da Kirista baki ɗaya. Shugaba Biden ya soke hanin a Janairun 2021.

Da Trump ya dawo, a Yunin 2025 ya sa ƙasashe 12 cikin sabon hani, har da Chadi da Sudan, amma ya bar ƙofa ga matan 'yan ƙasa. A Disambar 2025 ya ƙara Nijar da Mali da Burkina Faso, ya sa wa Nijeriya nata takunkumin, ya kuma rufe waccan ƙofa. Umarni irin wannan da sa hannun mutum ɗaya yake zuwa, da shi yake tafiya. Kafin ku biya ko sisi, a karanta muku sanarwar ofishin jakadanci ta ranar.