Wilin Keken Tsere da na Keken Hawan Dutse: Ina Suka Haɗu, Ina Suka Rabu?

Doki da jaki dangin juna ne, amma kowanne da irin ƙasar da ya fi iya takawa. Haka abin yake tsakanin keken tsere, wanda aka ƙera domin gudu a kan kwalta, da keken hawan dutse, wanda ya samo asali a jihar Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1970. Yanzu da kekunan gwanjo suka yawaita a kasuwanninmu, mutane kan tambaya ko wilin wannan zai hau wancan. Amsar tana ga awo uku.

Awo na farko shi ne faɗin da'irar rim, daidai inda bakin taya ke zama. A nan lissafin inci yakan yaudari mai saye. Wilin keken tsere da ake kira 700C milimita 622 ne, haka ma wilin keken dutse mai inci 29. Mai inci 27.5 milimita 584 ne, mai inci 26 kuwa 559. Abin mamaki, tsohon wilin tsere mai inci 27 milimita 630 ne, wato ya ɗara mai inci 29. Baƙin keken nan da aka saba gani a garuruwanmu, mai inci 28, nasa 635 ne. Saboda haka sai a duba lambar da ke jikin taya, kamar 37-622: ta farko kaurin taya ce, ta biyu kuma awon rim, duka a milimita.

Awo na biyu shi ne tazarar da cibiyar wili ke cikewa tsakanin ƙafafun firam. A kekunan da suka daɗe, ta gaba milimita 100 ce ga kowanne, amma ta baya 130 ce ga keken tsere, 135 ga keken dutse. Sababbin kekunan dutse da yawa sun kai 148. Tilasta wa cibiya shiga inda ba nata ba yakan lanƙwasa firam ko ya tsaga shi.

Awo na uku shi ne faɗin rim daga baki zuwa baki. Siririyar tayar tsere tana bukatar iska mai ƙarfi. Idan aka ɗora ta kan faffaɗan rim na keken dutse, tana iya kuɓucewa ana cikin gudu. Sai kuma batun birki: wilin da aka yi domin birkin faifai ba shi da gefen da robar birki za ta kama, don haka sa shi a keke mai birkin roba ganganci ne.

Malaman kimiyya na iya mayar da wannan aikin aji. Ɗalibai su karanta lambobin tayoyin kekunan da ke makaranta, su jera su, su gano waɗanda za su iya musayar taya da juna.