Tonedo a Garin da Bai Saba da Ita Ba: Abin da Gargaɗi Yake Nufi da Yadda Ake Tsira

Kafin mu shiga magana ya kamata mu daidaita a kan suna. Bahaushe yana da kalmar guguwa, watau iskar nan da takan taso daga ƙasa da rana tsaka a lokacin bazara, ta murɗa ƙura da ganyaye, ta yi 'yar tafiya ta mutu. Zafin ƙasa ne yake tayar da ita, kuma sau da yawa ko gajimare babu a sama. Wadda Turawa suke kira tonedo daban take. Ita daga cikin babban hadari take saukowa, kanta a gajimare, ƙafarta a ƙasa. 'Yan jaridarmu sukan ce mata mahaukaciyar guguwa, amma da wannan sunan kuma suke kiran iskar teku mai kwana da kwanaki tana ɓarna, don haka ni zan riƙe kalmar tonedo.

Ƙasar Amurka ce ta fi kowace ƙasa fama da ita, don a shekara akan ƙirga fiye da 1,000. Iska mai ɗumi da laima takan taso daga Tekun Meziko, ta haɗu da busasshiyar iska mai sanyi daga duwatsun yamma da Kanada. In aka yi dace iskar sama da ta ƙasa suka saɓa wajen gudu da inda suka dosa, sai hadarin kansa ya fara juyawa. A 1971 Farfesa Fujita na Jami'ar Shikago ya fitar da ma'aunin ƙarfinta ta hanyar duba irin ɓarnar da ta bari, aka kuma yi wa ma'aunin gyara a 2007. Mafi ƙarfi, mai lamba 5, gudun iskarta ya haura kilomita 320 a sa'a guda.

Mutanen Okalahoma da Kansas sun tashi da saninta tun suna yara, suna da ramukan ɓuya da jiniya a gari. Abin dubawa shi ne garin da bai saba ba. A ranar 8 ga Yuni, 1953, tonedo ta kashe mutum 116 a yankin Filint na jihar Mishigan. Washegari wannan yanayin ya isa jihar Masacusets, inda jama'a suke ganin tonedo masifar wasu ce can nesa. Masu duban yanayi a Boston sun hango alamun, amma suka guji ambaton kalmar don kada hankalin mutane ya tashi, suka ce dai za a yi hadari mai tsanani. Da la'asar ta sauko, ta shafe kusan sa'a ɗaya da rabi a ƙasa, ta yi tafiyar kilomita sama da 70, ta ratsa birnin Wusta. Mutum 94 suka rasu, sama da 1,000 suka ji rauni, kimanin 10,000 suka rasa muhalli. Gargaɗin bai fito ba sai bayan ta wuce. A ganina wannan darasi ne ga ma'aikacin hukuma kafin ya zama na masanin yanayi: an ji tsoron kalma, aka sakaya ta, mutane kuwa suka ci gaba da harkokinsu.

Irin wannan ya sake faruwa a Edmanton ta Kanada ranar 31 ga Yuli, 1987, inda mutum 27 suka rasu, fiye da rabinsu a unguwa guda ta gidajen tirela. Haka kuma a kudancin Morabiya ta ƙasar Cek ranar 24 ga Yuni, 2021, mutum 6.

To, mene ne abin yi? A Amurka da Kanada sanarwa iri biyu ce, kuma baƙo yakan rikita su. Ta farko faɗakarwa ce, ma'anarta yanayi ya nuna tonedo tana iya aukuwa a cikin sa'o'i masu zuwa, a faɗin yanki babba. A lokacin ne mutum zai san inda zai ɓuya, ya cika wayarsa da caji, ya ajiye takalmi da tocila kusa. Ta biyu ita ce gargaɗi, ma'anarsa an gan ta da ido ko na'urar rada ta nuna hadarin yana juyawa. Tsakanin gargaɗi da isowarta yawanci bai wuce minti 10 zuwa 15 ba, wani lokaci ma bai kai ba. Garuruwa da dama da ba su saba ba ba su da jiniya, sai saƙon wayar hannu da rediyo.

Da jin gargaɗi, a sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa in akwai. In babu, a nemi hawa mafi ƙasa, a shiga ƙaramin wuri na tsakiyar gida da ba shi da taga, kamar banɗaki ko ƙarƙashin matakala, yadda bango zai yi yawa tsakanin mutum da waje. A durƙusa, a rufe kai da katifa ko matashi ko hular kwano. Dalili kuwa, abin da iskar ta kwaso, katako da kwano da gilashi, shi ne ya fi kashe mutane. Babban zaure mai faɗin rufi, irin wannan da muke ciki, yana daga cikin wurare mafi muni, don rufinsa ne yake fara faɗowa. Gidan tirela kuwa barinsa ake yi tun da wuri.

Akwai abubuwa biyu da wanda bai saba ba yakan yi da kyakkyawar niyya. Na farko buɗe tagogi, wai don kada gida ya fashe. Wannan ɓata lokaci ne kawai, kuma yana kai mutum kusa da gilashi. Na biyu fakewa a ƙarƙashin gadar sama. Iska takan ƙara gudu in ta matsu a wurin, kuma a tonedon Okalahoma na 3 ga Mayu, 1999, an rasa rayuka a ƙarƙashin irin waɗannan gadoji. Mai mota ya nemi gini mai ƙarfi mafi kusa. In hakan ya faskara, ko dai ya zauna da bel ɗinsa ya sunkuyar da kai ƙasa da taga, ko ya kwanta a kwari da ya fi titi zurfi, hannuwa a kan ƙeya, yana lura da ruwa.

Na san halinmu na leƙawa mu gani da ido kafin mu yarda. Amma tonedo takan zo da dare, ko a lulluɓe cikin ruwan sama, ba a jin komai sai ƙara irin ta jirgin ƙasa. Gaskiya ne fiye da rabin gargaɗin da ake bayarwa yakan wuce ba tare da ta sauko ba, sai dai asarar mai ɓuya a nan ita ce rabin sa'a a banɗaki. Bayan ta wuce ma a jira sanarwa, domin hadari ɗaya yana iya haifar da wata. In an fito a sa takalmi mai kauri saboda ƙusoshi, a nisanci wayoyin lantarki da suka faɗi, kada kuma a kunna ashana inda ake jin warin gas.