Sankarar Mama ga Maza da Maganin Toshe Homon

A unguwar Briqueterie, cibiyar Hausawan Yawunde, inda aka san maza da ɗinki da sayar da yadi da tsire, akasari ana ɗaukar sankarar mama cutar mata ce. Amma namiji ma yana da 'yar tsokar mama a ƙarƙashin kan nononsa, kuma a duniya kusan ɗaya cikin ɗari na masu wannan cuta maza ne. Namiji kan ga ƙullutu ya ce maruru ne, ko kunya ta hana shi faɗa. Kafin ya kai kansa sashen sankara na Babban Asibitin Yawunde da ke Ngousso, sau da yawa cutar ta riga ta kai ƙashi ko huhu ko hanta.

A wannan mataki tiyata ba ta kawar da ita. Abin da likita yake nema shi ne ya rage mata gudu, ya sauƙaƙa ciwo, majinyaci ya ci gaba da harkokinsa. Akan yanki ɗan ƙullutun a gwada. Wajen tara cikin goma na sankarar mama ta maza da wani homon take girma, ana kiransa isturojin. Homon sinadari ne da jiki yake yi, jini ya kai shi ga gaɓoɓi. Jikin namiji yana juya wani kaso na homon ɗin mazakuta, wato testosteron, ya zama isturojin.

Tun 1942 likitoci suka gano cewa cire 'ya'yan maraina yana sa ƙarin ya motse. Yau an fi amfani da tamoxifen, ƙwaya mai miligiram 20 kullum. Yakan zauna a gurbin da isturojin yake kamawa a jikin sankarar, kamar mabuɗin da ya shiga kwaɗo ya ƙi juyawa. In ya daina aiki, sai a koma ga letrozole ko anastrozole, masu hana jiki yin isturojin. Ga namiji waɗannan ba su wadatar su kaɗai, domin maraina ma suna yin nasu; sai an haɗa da allurar goserelin duk kwana 28. A 2019 Amurka ta amince a ƙara wa maza palbociclib, sai dai yana da tsada.

Wahalar tamoxifen ita ce zufa da jin zafi kwatsam, ƙiba, da raguwar sha'awa. Wannan na ƙarshe yakan sa magidanci ya ajiye magani a asirce, ko ya nemi maganin ƙarfin maza. Duk wanda yake ɗauke da testosteron abinci ne ga cutar. In kuwa ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, yana iya zama gudan jini ne, sai asibiti nan take.