Bulet cikin miyar albasa: girkin da ba ya son wuta mai yawa

A garuruwan Madawa da Buza da Kaita, idan aka ɗebe hatsi, nama da makamashi suna cikin abubuwan da suka fi cin kuɗin cefane, a gidan ma'aikacin gomnati ko na ɗan kasuwa. Magidantan da suka ga shekarar 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi kuma albashi yana makara wata da watanni, ba su manta yadda aka riƙa auna nama da ido ba. Har yau lissafin bai sake sosai ba. Ana sayo kashin nama ɗaya ko biyu wurin mahauci, rabinsa ƙashi da jijiya, a jefa cikin miya, a hura masa itace har ya yi laushi. Da aka zo rabo, tsokar kirki ta tafi kwanon maigida da na baƙo, yara kuwa su tashi da ƙashi da ƙanshi. Ba mugunta ba ce, ladabi ne da aka gada. To amma yaron da ke girma shi ya fi kowa bukatar wannan tsoka.

Akwai wani girki da ke rage wannan matsala, wanda matan birane suka sani da sunan bulet, kalmar da aka aro daga Faransanci. Nama ne ake dakawa ko a niƙa, a haɗa shi da kayan yaji, a dunƙula ƙanana, a dafa cikin miya. Larabawa da Turkawa da mutanen Indiya duk suna da irinsa, kowa da sunan da yake ba shi. Amfaninsa na farko lissafi ne: rabin kilo na tsoka, idan aka ƙara masa busasshen burodi da albasa da ƙwai guda, yana ba da dunƙule kamar 24 masu girman goro. Gida mai mutum takwas, kowa ya samu uku, kuma ba wanda zai ce nasa ƙashi ne.

A Amurka wannan abinci yana cikin waɗanda iyali ke dogara da su ranar aiki, kuma abin lura shi ne tukunyar da suke dafa shi ciki. Tukunya ce ta tangaran da ke zaune cikin wani mazubi mai ɗumama ta da lantarki, ba ta cin wuta fiye da manyan ƙwan fitila biyu ko uku irin na da. Wani mutumin Shikago mai suna Irving Naxon ya samu takardar mallakar ƙirarta a 1940. Tunanin ya samo asali daga wani abincin Yahudawan Lituwaniya, wanda ake sawa cikin tanderun mai burodi ranar Juma'a da marece, ya kwana yana dahuwa da sauran zafin tanderun, tun da addininsu ya hana hura wuta ran Asabar. Kamfanin Rival ya sayi ƙirar, ya fitar da ita kasuwa a 1971 da sunan Crock-Pot, daidai lokacin da matan Amurka ke shiga aikin albashi da yawa. Mace ta zuba kayan miya da safe, ta rufe, ta tafi biro; da marece abinci ya nuna, bai ƙone ba, bai bushe ba.

Cikin miyar da suke zuba wa dunƙulen naman akwai wadda ake kira teriyaki. Asalinta daga Japan ne, kuma sunan kalmomi biyu ne: ɗaya na nufin sheƙi, ɗaya na nufin gashi. Japanawa suna shafa wa kifi ko kaza haɗin ruwan waken suya da aka ruɓar, da sukari, da wani ruwan shinkafa mai zaƙi da ake kira mirin, su gasa har fatar ta yi ƙyalli. Da girkin ya isa Amurka sai aka ƙara masa tafarnuwa da citta, wani lokaci har da ruwan abarba, aka mai da shi miya mai kauri. Mai karatu Musulmi ya sani cewa mirin na gaske yana da giya a ciki, saboda haka wanda ya ci karo da kwalbar wannan miya a manyan kantunan Yamai, ya karanta abin da aka rubuta jikinta kafin ya saya.

Sayen irin wannan tukunya a Buza ko Kaita ba shi ne dabara ba. Kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da lantarki a Nijar, kuma galibinsu a birane suke. Wanda ke da kuran ɗin ma ya san halinsa: cikin watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nigelec, ba ta maido ba sai cikin Maris na 2024. Tukunyar da dukan amfaninta shi ne a bar ta ba mai tsaro, idan wuta ta ɗauke da hantsi, nama ne zai wuni cikin ɗumi yana lalacewa, mai gida ba ta sani ba. Abin ɗauka a nan shi ne ka'idar da tukunyar ke aiki da ita, kuma wannan ba ta bukatar waya.

Ka'idar ita ce, nama ba ya bukatar tafasa mai ƙarfi kafin ya nuna. Ruwa idan ya kai digiri 100 ba ya ƙara zafi, ko an tura masa dami guda na itace. Ƙarin wutar tururi kawai yake zama, ya bi iska. Jijiyar da ke sa nama tauri tana narkewa ne a hankali, cikin zafin da bai kai na tafasa ba, kamar digiri 80 zuwa 95, muddin an ba ta lokaci. Idan ta narke sai ta koma wani abu mai danƙo, shi ne ke sa romon ƙafar saniya ya daskare in ya huce. Wato naman tsohuwar saniya, wanda ya fi araha a mahauta, shi ya fi dacewa da wannan girki, domin jijiyarsa ce za ta ba miyar kauri.

Maganar itace kuwa, mutanen Adar ba sa bukatar a yi musu dogon bayani. Sun ga yadda fari na shekarun 1970 da na 1984 ya bar duwatsu tsirara. A kwarin Magiya, tun 1975 ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji suka soma dasa layukan dogon yaro domin tare iskar da ke kwashe ƙasar gonaki. A Kaita, babban aikin raya karkara da ƙasar Italiya ta ba kuɗinsa, hukumar FAO ta gudanar, ya fara a 1984, aka dasa miliyoyin itatuwa, aka jera duwatsu bisa gangare domin tsai da ruwa. Mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a kai mata ne, mazan sun tafi bida bakin teku. Su ne kuma ke tafiya nesa neman kirare, su ne ke shaƙar hayaƙin. Murhun ƙarfe Mai Sauƙi da na laka Albarka an yaɗa su ne domin rage wannan wahala. Tun da matatar man fetur ta Damagaram ta fara aiki a 2011, gaz ya shiga gidajen ma'aikata da dama, amma butel ma ƙarewa yake, kuma cika shi kuɗi ne. Girkin da ke son wuta ta rabin awa maimakon ta awa biyu, riba ce ga kowane irin murhu.

Sauran tambaya ita ce ta ɗanɗano. Miyar Japanawa ta tsaya kan abu uku: gishiri mai ƙanshin ruɓaɓɓen wake, zaƙi, da ɗan tsami. Dukansu akwai su a kasuwar Madawa. Ruwan waken suya ɗan uwan daddawa ne, tun da dukansu iri ne da aka dafa aka bari ya ruɓa har ya fitar da ɗanɗano mai kama da na nama. Daddawar kalwa za ta yi, daddawar batso da ake yi da gurguzun yakuwa ma za ta yi, sai dai ƙarfinta ya fi, a sa kaɗan. Tsami kuwa, ga tsamiya ga lemun tsami. Zaƙin ne ya fi ban sha'awa, domin yana cikin albasa kanta. Albasar Galmi da ta kwarin Tarka, wadda manyan motoci ke ɗauka zuwa Akra da Abijan, tana da yaji idan ɗanya ce, amma idan aka soya ta a hankali cikin mai, yajin ya tafi, sukarin da ke cikinta ya fito, ta yi ja tana sheƙi. Ɗan kasuwar albasa ya san yawan ƙanana da fasassun da ake warewa lokacin cika buhu, waɗanda ba su zuwa bakin teku kuma ba su jimre zaman rudu. Ga miya, ba su da aibi ko kaɗan.

Ga yadda ake yi. A samu rabin kilo na tsokar saniya ko ta rago, da ɗan kitse a jiki, domin bulet marar kitse bushewa yake. A yanka ƙanana, a daka a turmi mai tsabta tare da albasa ƙarama guda, tafarnuwa, citta, masoro da gishiri, ko a niƙa a injin hannu. A jiƙa guntun busasshen burodi da ruwa, a matse, a haɗa da naman, a fasa ƙwai guda a cuɗa. Burodin ba ha'inci ba ne: shi ke riƙe romo a cikin dunƙulen, ya hana shi tauri. A shafa mai a tafin hannu a mulmula. Sai a ɗora man gujiya, a soya dunƙulen kaɗan-kaɗan har bayansu ya yi ja, a kwashe. Wanda ya tsallake wannan suya zai buɗe tukunya ya tarar da fate.

Cikin man da ya saura a zuba manyan albasa biyar ko shida da aka yanka siri-siri, a rage wuta. Nan ne kaɗai girkin ke son haƙuri, domin albasar da aka yi wa gaggawa ƙonewa take ta yi ɗaci. Idan ta yi laushi ta soma ja, a sa dakakkiyar daddawa cokali guda, citta da tafarnuwa, tattasai ga mai so, ruwan tsamiya rabin kofi, da zuma ko sukari cokali ɗaya. A ƙara ruwa daidai yadda zai rufe naman, a maida dunƙulen ciki, a rufe. Hattara da dunƙulen magi: ga gishiri a nama, ga daddawa a miya, kuma hawan jini ya yi yawa tsakanin masu zaman biro da masu zaman shago. A bari tukunyar ta tafasa sosai minti 15 zuwa 20.

Daga nan hanya biyu ce. Mai gawayi za ta rage garwashin ya saura kaɗan, ta yayyafa masa toka, ta bar tukunyar a kai awa ɗaya ko biyu, tana leƙawa jefi-jefi. Hanya ta biyu ba ta son wuta ko kaɗan, kuma da ita matan Turai suka yi tattalin gawayi lokacin yaƙin duniya na farko da na biyu. A samu babban kwando ko kwali, a shimfiɗa masa ƙaiƙayin gero ko auduga ko tsofaffin tsummoki, kauri kamar faɗin tafin hannu, ƙasa da gefe. A sauke tukunyar tana cikin tafasa, kada a ɗaga murfi, a naɗe ta da zane, a zaunar da ita tsakiya, a danne samanta da matashin kai. Zafin da ba ya samun hanyar fita shi zai ci gaba da dahuwar. Tukunya mai kauri, wadda miya ta kusa cika, ta fi riƙe zafi bisa ga babbar tukunya mai miya kaɗan a gindi.

Akwai haɗarin da bai kamata a raina ba. Dakakken nama ya fi tsoka saurin lalacewa, domin ƙwayoyin cutar da ke bayan naman daka ta shigar da su ko'ina cikinsa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Adar ke wuce digiri 40, naman da aka daka da safe aka ajiye a inuwa ba ya kai azahar lafiya. Gidan da ba firigo, a daka a soya nan take. A wanke turmin da sabulu da ruwan zafi kafin a sake daka wani abu ciki. Kafin tukunya ta shiga kwando, a fasa dunƙule guda a duba: idan da sauran ja a tsakiya, a ƙara mata wuta. Kuma kwando ba wurin wuni ba ne. Abinci idan ya sauka ƙasa da digiri 60, ƙwayoyin cuta na iya yaɗuwa cikinsa, saboda haka kada ya wuce awa huɗu, kuma ko da an tarar da shi da zafi, a maida bisa wuta ya tafasa minti biyar kafin a zuba.

Wannan ƙa'ida ita ke tsara lokacin girkin. Malamar lakwal ko ma'aikaciyar asibiti da ta sa tukunya cikin kwando da safe, abincin rana ta tanada, ba na dare ba. Wadda ke son na dare sai ta yi suyarta bayan azahar, ta rufe kwando, ta koma wurin aiki ko wurin sana'arta, ta buɗe bayan magariba. Abin da ya rage mata shi ne dafa shinkafa ko makaroni, ko ta aiki yaro ya sayo burodi. Idan miyar ta yi ruwa, a kwashe naman, a bar ta bisa wuta ba murfi har ta yi kauri ta manne a cokali, sannan a maida dunƙulen a juya su ciki su ɗauki sheƙi.